Sauya injin jirgin kamun kifi zuwa mafi ƙarfi: tambayoyin masunta da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwa a Yauri ko Malale ranar kasuwa ya san yadda abin ke farawa. Mai inji doki 15 (da doki ake auna ƙarfin inji) yana tafe a hankali da lodinsa, sai mai doki 40 ya zo ya shige shi, ya bar masa taguwa yana rangaji. Kafin ya kai gaɓa ya fara lissafin kuɗin sabon inji a zuci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masunta da masu dakon kifi suka fi maimaitawa kafin su saki kuɗi. Misalan sun karkata ga Yamaha Enduro saboda shi aka fi gani a ruwayenmu, amma lissafin bai canza ba ko Suzuki ne, ko Tohatsu, ko Parsun.

Idan na tashi daga doki 15 zuwa 40, gudun jirgina zai ninka?

Ba zai ninka ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke cizon yatsa. Jirgin katako mai nauyi ba hawa saman ruwa yake yi ba, keta shi yake yi yana ture shi gefe. Yana tafiya yana tayar da taguwa biyu, ɗaya a goshi, ɗaya a baya. Gwargwadon ƙaruwar gudu, gwargwadon nisan da ke tsakanin taguwar goshi da wadda ke biye da ita, har ya kai daidai tsawon jirgin. Daga wannan lokacin sai gindin jirgi ya zauna cikin kwari, goshi ya ɗaga sama, ya zama kamar mai hawan tudun da shi da kansa yake tarawa a gabansa. Duk man da ka ƙara ƙonawa bayan nan, mafi yawansa taguwa yake ginawa.

Tsawon jirgi ne ke yanke inda wannan katangar take. Jirgin da tsawonsa a layin ruwa ya kai mita 9 yana cin karo da ita a wajen kilomita 13 zuwa 14 a awa. Mai mita 16 sai ya kusa kilomita 18. Siririn kwale-kwale marar nauyi yakan ɗan zarce wannan iyaka, amma da zarar an loda masa raga jiƙaƙƙiya da kwandunan kifi, ya koma sahun sauran.

Ga ma'aunin da zai taimake ka: a irin wannan jirgi, ninka ƙarfin inji sau biyu ba ya ƙara gudu fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wato idan doki 15 yana ba ka kilomita 12 a awa, da wuya doki 40 ya wuce 16 ko 17 a kan jirgin nan dai. Ƙara ce za ta ninka, da hayaƙi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Labarin ya bambanta ga jirgin faiba, wato irin na roba da kamfani ke ƙerawa, marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ciki. Shi idan ya samu ƙarfi yakan tashi ya hau saman ruwa yana sulɓi, gudunsa ya ninka har ya fi. Wanda ya shige ka ranar kasuwa, duba jirginsa tukuna kafin ka duba injinsa.

To me babban inji zai ƙara min ke nan?

Ƙarfin turawa a lokacin da ruwa ya ƙi. Idan ka cika lodi, ko iska ta taso ta gabanka a tsakiyar tafkin Kainji inda faɗinsa ya buɗe, ko kana haurawa sama a kogin Neja da damina ruwa na gangarowa da ƙarfi, ƙaramin inji yakan yi ta kuka jirgi na tsaye wuri ɗaya. A nan doki 40 ke nuna kansa: yana riƙe gudunsa, kuma kana iya juya goshin jirgi ka fuskanci taguwa a kan lokaci. Haka idan hadari ya haɗo kana nesa da gaɓa, rabin awar da za ka rage ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: sau nawa a wata nake shiga irin wannan hali? Mai dakon banda daga tsibirai zuwa kasuwa, ko mai sayen ɗanyen kifi a kan ruwa wanda dole ya iso kafin ya fara lalacewa, yana shiga kullum. Mai zuwa duba raga ko mamari kilomita uku daga gida ba ya shiga sai jefi-jefi.

Nawa zai riƙa shan mai?

Idan an murɗe totur har ƙarshe, Enduro 15 yana shan wajen lita 7 a awa, mai doki 40 kuma wajen lita 20. Tankin da ke zuwa da inji lita 24 ne ko 25. Ke nan tanki guda zai kai ka fiye da awa uku da ƙaramin, amma da babban awa ɗaya da 'yan mintoci ya ƙare.

Mu ɗauki misali. Wurin sunka yana da nisan kilomita 24. Da doki 15 a kan kilomita 12 a awa, awa biyu za ka yi, lita 14. Da doki 40 a kan kilomita 16, awa ɗaya da rabi, lita 30. Ka ci ribar rabin awa, ka biya ta da lita 16. Zuwa da dawowa lita 32 ke nan a kan abin da ka saba. Sai ka je gidan mai ko wurin 'yan bumburutun garinku ka tambayi kuɗin lita, ka ninka, ka ga kwando nawa na karfasa ko tarwaɗa zai biya wannan giɓin kowace fita. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, ana iya kawar da kai daga wannan lissafi. Yanzu shi ne lissafin gaba ɗaya.

Wani zai ce ai ba sai na murɗe shi duka ba. Gaskiya ne, kuma haka ya kamata: sassauta totur zuwa kashi uku cikin huɗu yana rage shan mai sosai, gudu kuwa kaɗan yake raguwa. Amma kada ka zaci doki 40 a rabin totur zai koma shan mai irin na 15. Waɗannan injina masu kafireto da ake haɗa musu fetur da man inji ba su iya tattali a ƙaramin gudu ba. Wani kaso na man yana fita ta salansa bai ƙone ba, shi ne ƙyallin da kake gani yana bin bayan jirgi a kan ruwa, kuma fulogi yakan yi baƙi da wuri.

Doki 25 fa?

Ga jirgi matsakaici, sau da yawa shi ne amsar da ba a tambaya ba. Nauyinsa kilo hamsin da 'yan kai, mutum biyu na ɗaukarsa ba wahala, shan mansa yana tsakanin na biyun can. Abin dubawa kawai shi ne ko makaniken yankinku yana da kayansa a kusa.

Jirgina zai iya ɗaukar nauyinsa?

Enduro 15 bai kai kilo 40 ba. Mai doki 40 ya kai wajen kilo 70. Bambancin ya fi rabin buhun siminti, kuma ba a tsakiyar jirgi zai zauna ba, can ƙarshen baya zai rataya, ga kai matuƙi zaune kusa da shi, ga tanki da jarkokin mai. Gindin jirgi zai nutse fiye da da. Haɗarin da ba a cika faɗa ba shi ne lokacin tsayawa: idan kana gudu ka saki totur farat ɗaya, taguwar da ka tayar tana biyo ka a baya, ta faɗo ciki ta saman katakon baya da ake ɗaura inji. Jirgin da bakinsa ya riga ya kusa ruwa, sau ɗaya ya ishe shi.

Jiragen faiba na kamfani sukan zo da ɗan allo da aka rubuta iyakar ƙarfin injin da za su ɗauka. Na katako ba shi da wannan, sai ka koma wurin kafintan da ya ƙera shi ko wani gwani irinsa. Ya duba katakon baya da ake ɗaura inji: kaurinsa, ko ya fara ruɓewa a wajen ƙusoshi, da yadda ya haɗu da gefunan jirgi. Galibi sai an sauya shi da mai kauri an kuma ƙara masa madogarai ta ciki. Maɗauran nan biyu da ake murɗawa da hannu sun isa riƙe doki 15, amma doki 40 a huda katako a ɗaure shi da noti, a kuma sa masa igiya ko sarƙa ta biyu. Injin da ya faɗa tsakiyar tafki ba kasafai ake sake ganinsa ba.

Bayan an ɗaura, matsar da jarkoki da raga zuwa gaba har jirgin ya daidaita a kan ruwa.

An tambaye ni doguwar ƙafa nake so ko gajera. Mene ne bambancin?

Tsawon ƙafar inji dole ya dace da tsayin katakon baya. Mai alamar S an yi shi don katako mai tsayin inci 15, wato wajen santimita 38. Mai alamar L kuma inci 20, wajen santimita 51. Ka auna daga saman katako zuwa ƙasan jirgi kafin ka je kasuwa, kada ka dogara da ido.

Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela. Shi ne ma'auni: ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan gangara ƙasa da shi kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Idan ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, ka ji inji ya yi ihu jirgi bai motsa ba, kuma ruwan sanyaya inji yakan yanke. Idan ya nutse da yawa, ƙafar tana jan ruwa a banza, tana kuma neman kowane kututture da tudun yashi. Masu aiki a ruwa marar zurfi mai ciyawa, irin sassan Tafkin Chadi da fadamun Hadeja da Nguru inda kacala ta cinye hanya, su suka fi shan wahalar doguwar ƙafa.

Wani makanike ya ce in canza farfela kawai, ba sai na sayi inji ba. Da gaske ne?

Wannan makaniken ka riƙe shi da kyau. Farfela ita ce giyar jirgi, kuma da yawan injinan da ake cewa sun gaza, farfelar da ba ta dace ba aka sa musu.

Duba jikinta za ka ga lambobi biyu, misali 9¼ x 9 a ta doki 15, ko 11⅛ x 13 a ta doki 40. Ta farko faɗinta ne da inci. Ta biyu ita ce tazarar da za ta ci gaba a juyi ɗaya, kamar yadda noti ke shiga. Babbar lamba ta biyu tana kama da giya ta sama a mota: tana da kyau ga jirgi marar kaya, amma idan lodi ya yi nauyi sai ta danne inji, ya kasa kaiwa juyin da aka gina shi a kai. Waɗannan injina ana son su kai juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe totur duka da lodin da aka saba ɗauka. Rage inci ɗaya a lamba ta biyu yana ƙara juyi wajen 150 zuwa 200. Shi ya sa mai dakon kaya da doki 40 yakan fi jin daɗin 11⅝ x 11 a kan 11⅛ x 13.

Injin da aka danne da babbar farfela kamar jaki ne da aka ɗora wa kayan raƙumi: yana tafiya, amma zafi yake yi, yana tara baƙi a fistin, kwanansa na raguwa. In makanike yana da na'urar auna juyi, ku fita kan ruwa da cikakken lodi ku gwada. Farfelar da bakinta ya lanƙwashe ko ya gutsure ita ma tana cin gudu da mai. Haka gansakuka da ta kama ƙasan jirgi, da katakon da ya sha ruwa ya yi nauyi. Ka gyara waɗannan ukun tukuna. Kuɗinsu bai kai na sabon inji ba, kuma wani lokaci daga nan maganar sauyi take mutuwa.

Haɗin mai zai canza?

Ga Enduro ma'aunin ɗaya ne: kashi 50 na fetur, kashi 1 na man inji. Wato rabin lita na man inji a lita 25 na fetur. Sabon inji kuwa, awa goma na farko ana ninka man, ya zama lita ɗaya a lita 25, kuma ba a murɗe shi har ƙarshe a riƙe a wannan lokacin. A nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, shi aka yi don injin da ruwa ke sanyayawa. Baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wata motar, yana toshe ringi. Mutum ya tara kuɗin doki 40 sannan ya yi masa rowar mai, wannan araha ce da ba ta ado.

Sabo ya fi ƙarfina. Me zan duba a na hannu?

Kada ka yarda da gwajin cikin durom kaɗai. A durom ko injin da ya gaji yakan yi ƙara mai daɗi, don ba abin da yake turawa. A ɗaura shi a jirgi, a sa lodi, a yi tafiyar rabin awa.

Kafin nan, makanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya auna matsin silinda biyun, ya ga sun yi kusa da juna. Ya kwance notin man giya na ƙasa: idan man ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa na shiga, galibi saboda zaren raga ko na ƙugiya ya naɗe a bayan farfela ya cinye robar da ke tare ruwa. Idan an tayar, ɗan ramin da ke tsartuwa da ruwa a gefe ya riƙa tsartuwa da ƙarfi, alamar famfon sanyaya yana aiki. Kuma ko na daƙiƙa kaɗan kada a tayar da shi a tudu ba ruwa, robar famfon nan take take ƙonewa. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, irin waɗanda ake kawowa daga bakin teku, sai an buɗe an duba hanyoyin ruwansa, don fenti sabo yana rufe tsatsa. A ƙarshe ka duba allon lambar inji yana nan ba a kankare ba, ka karɓi rasit a gaban shaidu. Satar inji a bakin ruwa ba sabon abu ba ne.

Mai amfani da kananzir fa?

Akwai shi, Yamaha na yin masu alamar EK, ana tayar da su da fetur sannan su koma kananzir. An yi su ne don wuraren da kananzir ke da araha. A Najeriya yanzu ya fi fetur tsada, don haka dabarar ta tashi aiki.

Na ga wani ƙaramin inji mai batir, ba ƙara ba hayaƙi. Zai iya maye gurbin na fetur? In ina da shi, yaya zan ƙara masa ƙarfi?

Wannan injin asalinsa Amurka ne. Wani mai suna O. G. Schmidt ya fara ƙera shi a 1934 a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa, daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali. Can masu kamun kifi da ƙugiya suke sa shi a matsayin inji na biyu: babban inji ya kai su wurin, sai su kashe shi, su lallaɓa da mai batir don kada kifi ya watse, ko su riƙa jan ƙugiya a hankali a bayan jirgi. Aikin da filafili ke yi wa masuncinmu idan ya iso kusa da raga, shi yake yi.

Ba da doki ake auna shi ba, da nauyin turawa ne, a ma'aunin fam na Amurka. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce fam 2 na turawa ga kowane fam 100 na nauyin jirgi da duk abin da ke ciki. Jirgin da ya kai tan ɗaya da mutane da kaya yana bukatar aƙalla fam 45, gara ma 55 saboda iska. Fam 55 shi ne kusan ƙarshen abin da batir ɗaya mai bolt 12 ke iya bayarwa, kuma ƙarfinsa bai kai doki ɗaya ba. In kana son fam 70 ko 80 sai batir biyu a jere su ba da bolt 24. Fam 101 zuwa 112 kuma batir uku, bolt 36. Ka ga ƙarin ƙarfi a nan ba sayen inji kaɗai ba ne: ƙarin batir ne, da ƙarin nauyi a jirgi, da caja da ta dace.

Waya ma sai an duba. Mai fam 55 yana jan wajen amfiya 50 idan an buɗe shi duka, don haka yana son waya mai kauri da makatsin wuta na amfiya 60 kusa da batir. Siririyar waya za ta yi zafi, ta cinye ƙarfin kafin ya kai farfela. Batir kuma ba na tayar da mota ba, irin na sola ake nema, mai jure a zuƙe shi a hankali a sake cikawa. Mai lamba 100Ah na dalma, in ana son ya daɗe ba a shan fiye da rabinsa, wato kamar awa ɗaya a cikakken gudu, ko awanni da dama in ana lallaɓawa. Farantin sola mai wat 200 yana iya mayar da wannan rabin a wuni guda na rana mai kyau.

Gudu kuwa, ko ka sa mafi girmansu, da wuya ka wuce kilomita 8 a awa. Babban yana ba ka ikon tsayawa a gaban iska ne da jan jirgi mai nauyi. A ƙaramin dam mai kwanciyar ruwa, ga mai zuwa kusa, yana da amfani. Ga mai ƙetare Kainji da lodin banda, bai kama hanya ba.

Akwai wani haɗari da ke zuwa da babban inji?

Akwai, kuma na farko a zuciyar mai jirgi yake. Da ya ji inji na turawa ba gajiya, sai ya fara ƙara buhu, ya fara ɗaukar fasinja ranar kasuwa. Inji ya ƙaru, jirgin kuwa yana nan yadda kafinta ya bar shi. Mutanen yankin ba su manta da jirgin da ya nutse a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, ɗauke da mutane fiye da 150, wanda jami'ai suka ɗora laifinsa a kan lodi fiye da kima.

Na biyu kututture. Da aka tare ruwa a Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsohon garin Bussa da dazuzzukan da ke kewaye, kuma har yau itatuwan suna tsaye a ƙarƙashi, suna matsowa sama idan ruwa ya ja baya. Karon da jirgi zai yi da su a gudun kilomita 10 daban yake da na 17. Da rana ma sai wanda ya san hanya, balle da dare, abin da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta daɗe tana hanawa tare da matsa wa mutane su sa rigar kariya.

Na uku, igiyar nan ja mai kashe inji. Ka ɗaura ta a hannu ko a ƙugu. Doki 40 idan ya fizge yana iya jefa matuƙi ruwa, kuma jirgin da ba kowa a kan totur kewayawa yake yi ya dawo inda ya jefar da mutum.

Idan na sayi babban, in sayar da tsohon?

In ba kuɗinsa kake jira ka cika ba, ka riƙe shi. Ranakun duba raga a kusa ka ɗaura doki 15, ranar kasuwa ko doguwar tafiya ka ɗaura 40, man da za ka tsimi a wata shi zai nuna maka. Kafin ka ajiye shi, cire tiyon mai ka bar shi yana aiki a ruwa har ya shanye abin da ke cikin kafireto ya mutu da kansa, ka sauya man giya, ka jingine shi a tsaye a inuwa, kai sama ƙafa ƙasa. Duk bayan 'yan makonni ka fito da shi bakin ruwa ka tayar.